Zaman Munira a Bakin Fili

Malam Ishaku mai aya bai taɓa buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ba a rayuwarsa. Yana yaro, in sa'o'insa sun fita wasa shi kiwon awaki ake tura shi. Da ya girma kuma noma da fataucin aya tsakanin Gazawa da kasuwannin ƙetaren iyaka suka cinye masa lokaci. Ko gidan kallo bai taɓa leƙawa ba. Iyakar abin da ya sani game da wasan shi ne mutane da yawa suna bin fata guda suna haki.

Shi ya sa ranar da Mushe Abdulaziz (Mushe ake kiran malaman boko a nan), malamin wasanni na kwalejin da ɗiyarsa Munira take karatu, ya yi sallama a ƙofar gidansa yana roƙon a bar yarinyar ta shiga ƙungiyar ƴan mata, sai da Ishaku ya sa shi ya maimaita maganar.

"Mushe, Munira fa ka ce? Ba yayanta ba?"

"Munira, Malam. Shekarata tara ina wannan aiki, tun daga Gidan Rumji har nan, ban ga yarinya mai ƙafar hagu irin tata ba."

Abin ya ba Ishaku mamaki. Shi a saninsa hagu abu ne da ake bugun hannun yaro don ya daina, bai taɓa jin an zo har gida ana yabon mutum da ita ba.

Sau uku Mushe yana zuwa. A zuwa na uku ya taho da Madam Balkisu, malamar da ke kula da ƴan matan, ta shiga cikin gida ta zauna da Baturiya, uwar Munira, har aka kira la'asar. Daga ƙarshe Ishaku ya yarda, amma da sharuɗɗa. Dogon wando da ɗankwali, ba a cire su. Kafin magariba tana gida. Karatu kada ya ja baya. Sannan ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Ranar da ta ji ciwo kuwa, ranar aka gama. Ban da ɗiyar da zan ba fili ya karya mini."

Mushe ya ce ya ji ya yarda.

Watannin farko sun zo da abubuwan da Ishaku bai gane kansu ba. Wata rana Munira ta dawo da kyar take ɗaga ƙafa, ya tambaye ta, ta ce an sa su zagaya fili sau goma saboda wata yarinya ta makara.

"Ke kika makara?"

"A'a, Baba, wata ce."

"To mi ya haɗa ki da makarar wata?"

"Haka dokar take. In ɗaya ta yi laifi, duka muka yi."

Ya juya maganar a ransa ya rasa inda za ta zauna. A kasuwa wanda ya yi algus shi ake kamawa, ba a kama maƙwabcin rumfarsa. Wata rana kuma ya tarar da rigunan wasa goma sha takwas shanye a igiyar tsakar gidansa, aka ce layin wankin Munira ne ya zo. Sun daina kiran juna da suna, sai da lambar riga, Munira ita ce Tara. Ƴan mata su yi sallama a ƙofa su ce, "Tara tana nan?" In ya tambayi abin da Mushe ya ce masu a wajen horo, sai ta sunkuyar da kai ta ce abin da aka yi a fili, a fili yake kwana.

Amma yarinyar tana ci. Wannan kam ya gane. Suka je Sae Sabuwa ta zura biyu, aka zo nan gida ta zura uku. A kasuwa masu awo suka fara ce masa baban mai hagu. Ɗan Azumi, abokinsa ɗan kabu-kabu wanda duniya ba abin da yake so kamar balo, ya riƙa tsayawa a rumfarsa yana kwatanta masa yadda ta yanke ƴan baya, yana yi da ƙafa har yana zubar masa da tiyar aya. Ishaku ya ce masa shirme ne, amma in Ɗan Azumi ya kwana biyu bai zo da labari ba sai ya ji rumfar ta yi masa shiru.

Ana cikin haka, da zafi ya fara shigowa, labari ya canza. Ɗan Azumi ya zo ranar kasuwa bai ko kashe babur ba ya ce, "Malam, mi ɗiyarka ta yi wa Mushe? Wasa biyu ke nan tana zaune bakin fili. Jarkar ruwa take riƙewa."

Ishaku ya koma gida ya kira Munira.

"An ce ba a sa ki."

"E, Baba."

"Laifi kika yi?"

"A'a."

"To don mi?"

"Mushe ne mai zaɓe."

Ya dubi Baturiya, wadda ke tankaɗe a gindin turmi. Ta ce ita mi ta sani a harkar balo, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari ya sa babbar riga ya nufi lakol, makarantar su Munira. Ya sami Mushe Abdulaziz a inuwar itacen bedi yana hura balo da famfon keke. Mushe ya miƙe da sauri ya ba shi kujera, suka gaisa, ya tambayi gida da kasuwa da zafi. Da Ishaku ya kawo maganar, Mushe ya ɗan jima yana murza bakin famfon.

"Malam, Munira ita ce babbar ƴar wasana. Shi ya sa nake ajiye ta."

"Ban gane ba."

"Akwai babban wasan cin kofi a Agiye ƙarshen wata. Ba na son in gajiyar da ita a ƙananan wasanni."

Ishaku ya gyaɗa kai. Maganar ta yi kama da hankali, ko iri mai kyau ba a shuka shi da yayyafin farko. Ya yi godiya ya tashi. Yana gab da fita ƙofar lakol sai ga Madam Balkisu da tarin takardu a hannu. Suka gaisa, ya ce mata ai yanzu ya ji dalili, ajiye yarinyar ake yi saboda Agiye.

Madam ta ɗan yi turus. "Haka ya ce maka?" Sai kuma ta gyara murya. "To, har da wannan. Amma gaskiya, Malam, Munira ba ta ba ƴan uwanta balo. In ta samu sai ta ci ita kaɗai. So muke ta zauna ta ga yadda wasa yake in ba ita."

"Wato horo ne?"

"Ba horo ba ne. Koyarwa ce."

Ya fito da magana biyu a hannu, kowace ta ƙi zama kusa da ƴar uwarta. In don ta fi kowa aka ajiye ta, ina maganar rowa ta fito? In kuwa don rowa ne, mi ya hana Mushe ya faɗa masa kai tsaye? Da yamma Ɗan Azumi ya ƙara masa ta uku. Ya ce duk zancen banza ne, yarinyar da aka sa a gurbin Munira, Salima, ƴar ƙanwar wani babba ce a lakol ɗin, kowa a tasha ya sani.

"Kai ka tabbata?"

"Ni dai haka na ji. Amma ai biri ya yi kama da mutum."

Kwana goma Ishaku yana auna aya yana auna maganganun nan uku. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ita Munirar. Ya zaci zai ga ta yi fushi ko ta yi kuka, ko ta ce ta fasa. Ko kaɗan. Kullum ita ce ta farkon fita, ta dawo tana raira waƙoƙin da suke yi wa junansu. Salimar da aka ce ta ƙwace mata wuri ma kusan kullum tana gidan, suna cin tuwo kwano ɗaya. Ya ce a ransa ko dai yarinyar nan ba ta da zuciya, ko kuma shi ne bai san inda zuciya take a wannan harka ba.

Ranar wasan Agiye ya rufe rumfa tun hantsi, abin da bai taɓa yi ba sai don jana'iza ko ɗaurin aure. Ya hau bayan Ɗan Azumi suka kama kwalta. Filin cike yake, an kewaye shi da igiya, ƴan lakol sun hau katanga, masu ruwan leda da masu rake suna ta ciniki. Ƴan matan Cadakori ne abokan karawar, dogaye, cikin korayen riguna. Ishaku ya bi ƴan Gazawa da ido ɗaya bayan ɗaya har suka gama shiga. Babu lamba tara. Can ya hango ta a bakin fili, zaune kan benci kusa da Madam Balkisu, jarka a gabanta.

"Ga Agiyen an zo," in ji Ɗan Azumi. "Sai kuma wane garin za a ajiye ta?"

Kafin a tafi hutu Cadakori suka ci ɗaya. Aka dawo, ƴan Gazawa suka yi ta kai hari balo na ƙin shiga. Salima ta samu ita da mai tsaron gida ta buga sama. Mutanen Gazawa da suka biyo motar lakol suka fara ihu, "A sa mai hagu! A sa mai hagu!" Ishaku bai san lokacin da ya ɗaga igiyar ya shiga ba. Sai ganin kansa ya yi a gaban Mushe, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Mushe, kai ka ce mini Agiye. To ga mu a Agiye."

Gumi ya jiƙe Mushe sharkaf. Ya dubi Ishaku, ya dubi fili, ya dubi Munira. "Malam, don Allah ka koma bayan igiya. Zan zo gida in yi maka bayani."

"Bayani na nawa?"

Munira ta miƙe. "Mushe, zan iya," ta ce, ba ta dubi ubanta ba. Mushe bai amsa ba. Ta ɗauki shirun a matsayin izini, ta fara ƴan guje-guje a gefen layi don jiki ya saki, jama'a suka ɗauki tafi.

Ishaku bai san balo ba, amma ya san ɗingishi. Shekara talatin yana sayen shanun huɗa, ba dillalin da ya taɓa sayar masa da sa mai ciwon ƙafa, komin yadda aka ɓoye. Taku huɗu kawai ta yi ya ga tana tausaya wa ƙafar hagu, tana sauke nauyinta a dama. Madam Balkisu ta kira ta, ta durƙusa ta ɗan ɗage ƙafar wandon don ta duba, ta manta wa ke tsaye a bayanta. Gwiwar naɗe take da farin bandeji.

Madam ta saki wandon a hankali. Munira ta koma kan benci ta zauna, Mushe ya tura wata yarinya daban. Ishaku ya juya ya fita ta ƙarƙashin igiyar da ya shigo. Aka tashi ɗaya da nema, ƴan Cadakori suka ɗauki mai tsaron gidansu a kafaɗa.

Bayan an watse, suka same shi zaune a gindin wata bedi a bayan fili, Mushe da Madam da ƴan matan duka, sun jeru kamar masu zuwa gaisuwar rasuwa. Zahra'u, shugabar ƴan wasan, yarinya mai kaurin murya, ita ta fara magana tana durƙushe.

"Baba, laifinmu ne mu duka. Wata guda ke nan, a wajen horo ta faɗi gwiwar ta kumbura. Ta yi ta kuka ta ce in ka ji an gama. Muka yi alkawari ba mai faɗa. Mu muka roƙi Mushe."

Ishaku ya dubi Mushe. "Yara suka roƙe ka."

"Sun roƙe ni, Malam, na kuma biye masu. Ban kyauta ba. Na ce in na hana ta wasa har ta warke, ban cuce ta ba, kai ma ban cuce ka ba. Tun ranar ko minti ɗaya ban sa ta ba, ko da zan rasa kofi, ga shi kuwa na rasa."

"Wato da ka ce mini ajiye ta kake don Agiye, ƙarya ce."

"Ba ƙarya ba ce. Na sa rai za ta warke kafin yau."

"Ke kuma Madam, maganar rowa fa?"

"Ita ma gaskiya ce, Malam. Ko da ƙafarta lafiya lau, da sai na sa an zaunar da ita wasa ɗaya ko biyu."

Ishaku ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya zo da shirin faɗa da maƙaryata, sai ga shi kowa na rantsuwa gaskiya ya faɗa masa. Mutumin da ya ɓoye masa ciwon ɗiyarsa shi ne kuma mutumin da ya yarda ya sha kashi a gaban jama'a don kada ƙafar ta ƙara lalacewa. Ya rasa ko zagi ya kamace shi ko godiya. Ya nemi Ɗan Azumi da ido don ya ji ta bakinsa, ya hango shi can nesa yana duba tayar babur da ba abin da ya same ta.

"Wa ya duba ƙafar?" ya tambaya daga ƙarshe.

Madam ta ce wani mai ɗori ne ya ja ta, sannan ana gasa ta da ruwan zafi kowace safiya.

"A ina ake gashin? A lakol?"

Ƴan matan suka dubi juna. Munira ta ce, murya ƙasa ƙasa, "A gida, Baba. In ka fita kasuwa."

Da suka iso Gazawa Ishaku ya wuce gida kai tsaye. Ya tarar da Baturiya tana kwashe shanya. Tun daga yadda ya ajiye takalmi ta gane.

"Har da ke," ya ce.

"Har da ni, Malam."

"Wata guda ana dafa ruwa a gidana, ni ina kasuwa ina tambayar mutanen waje abin da ke damun ɗiyata."

"Na so in faɗa maka. Amma na san ka, in ka furta magana ba ka taunawa. Yarinyar nan tun da ta shiga cikin ƴan uwanta ta daina zaman ɗaka ita kaɗai, ta fara magana, har karatun ya ƙaru. Na ce bari ƙafar ta warke tukuna, sannan in faɗa maka da sanyi."

"Da ta gurgunce fa?"

Baturiya ta tsaya rungume da kayan shanya.

Da safe ya ɗauki Munira da kansa ya kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya kwance bandejin, ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya danna nan ya danna can, ya sa ta tsuguna ta tashi, ya sa ta tsaya da ƙafa ɗaya.

"Targaɗe ne ta yi, ya kuwa warke," ya ce. "Na fi zaton ya kai sati biyu da warkewa. Amma da kun kawo ta tun farko, ba a wasa da gwiwa."

"Majo, jiya da idona na ga tana ɗingishi."

"Tsoro ne. Wanda ya taɓa faɗuwa haka yake yi, ƙafar ta warke amma mai ita bai yarda da ita ba. Sai ta riƙa takawa a hankali har ta manta."

A hanyar komawa Ishaku yana gaba tana biye. Wato jiya da an sa ta, da ta iya. Ko kuma da ba ta iya ba, tunda tsoron na nan. Wato Mushe ya yi daidai da ya hana ta, ko kuwa ya yi asarar kofi a banza. Ya tsaya a bakin hanya ya jira ta iso.

"Ke, tsakaninki da Allah, ƙafar na yi maki ciwo?"

"Ban sani ba, Baba. In ina tafiya ba na jin komai. In na ga balo ta taho sai in ji kamar za ta yi."

Ranar Laraba ce ranar horo. Ishaku bai koma kasuwa ba bayan azahar, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana ta jan casbi. Mushe ya aiko da gaisuwa sau biyu a cikin kwanakin, Ishaku bai amsa ba, bai kuma ce kada a sake aikowa ba. Maganarsa tana nan, kowa ya ji ta, ranar da ta ji ciwo an gama. Sai dai ranar ta zo ta wuce tun wata guda bai sani ba, yau kuma majo ya ce ba ciwo. Ya rasa ta inda zai kama maganar tasa.

La'asar na yi Munira ta fito daga ɗaki da takalman wasa a hannu, ta durƙusa nesa kaɗan da tabarmar.

"Baba, in tahi?"

Ya ci gaba da jan casbinsa. "Tambayi uwarki. Ita ta san komi a gidan nan."

Ta juya wajen Baturiya, wadda ke bakin murhu.

"Ni ba ni na yi magana da Mushe ba," in ji Baturiya. "Tambayi babanki."

Yarinyar ta tsaya tsakaninsu, ta dubi wannan ta dubi wancan. A waje ana jin muryoyin su Zahra'u sun taru a ƙofar gida, ba wadda ta yi ƙarfin halin yin sallama. Munira ta miƙe ta nufi zaure a hankali, tana yi tana ɗan tsayawa, ko za a kira ta. Ishaku ya buɗe baki, ya ga Baturiya na kallonsa, ya mayar ya rufe. Suka ji ƙarar ƙyauren zaure, sannan muryoyin ƴan matan suka yi nisa.

Ya ƙara jan casbi kamar sau goma. Sannan ya tashi ya naɗe tabarmar, ya zura takalmi.

"Ina zuwa, Malam?"

"Filin," ya ce. "Daga yau abin da za a yi, a yi shi ina gani."

"Hana ta za ka yi, ko kallo?"

Ya tsaya a bakin zaure, hannu a kan ƙyaure. "In na isa can na sani."